Shekarar da Yaya Nibaldo Bai Hau Dutse Ba

Shekara goma sha tara muna barin garinmu Copiapó duk watan Janairu, mu hau duwatsu mu yi kwana biyar a bakin wani tafki da babu hanyar kwalta zuwa gare shi. Ni da mijina Custodio, sai yayana Nibaldo. Shi ke tsara komai, shi ke tuƙi.

Bana likita ya ce zuciyar Yaya ba za ta iya da ƙarancin iskar can sama ba. Na ce to mu fasa duka. Ya ce in muka fasa, ba ya ƙara cin abincin gidana.

Ranar tafiya tun da safe ya zo ya loda mana motar da kansa. Safaya biyu, jarkokin mai da na ruwa, shebur, igiyar janwe, katakan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya, tanti, risho. Yana ɗaga jarka ɗaya sai ya jingina da mota yana haki, leɓensa ya yi duhu.

"Yaya, ka zauna mana," na ce.

"In zauna wannan mijin naki ya ɗora ruwa a kan burodi? Custodio, in kun shiga yashi ka rage iskar taya. Kuma ka bi gefen busasshen filin gishirin nan ta hagu. Ka dai san hagu ko?"

"Na sani, ranka ya daɗe, hannun da ba ka taɓa miƙa wa kowa shayi da shi ba."

Suka yi dariya. Ni ban iya ba.

Rana ta biyu Custodio ya bi hagu yadda aka ce, amma ruwan bara ya sauya wurin. Ɓawon gishirin ya burma, motar ta nutse har ciki a taɓo. Awa shida muna haƙa, iska tana yankar fuska, kaina kamar zai tsage. Da muka fito, Custodio ya zauna kan katako ya ce, "Eliana, ni fa duk shekarun nan taga nake kallo. Ban san hanyar nan ba."

Muka juyo.

Yaya yana tsakar gidanmu yana ba itacen lemo ruwa lokacin da muka shigo. Ya dubi farin taɓon da ya bushe a jikin ƙofa, ya kankare shi da farce.

"Ba ku kai tafkin ba."

"Saura kaɗan, Yaya."

"Saura wuni guda," ya ce. Bai tsokani Custodio ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ya rasu a watan Afrilu, a gadon asibiti, bayan ya yi kwana uku yana ƙoƙarin zana mana wata hanyar zuwa tafkin a bayan takardar magani. Layukan suka hau juna, har shi ma ya kasa karanta su.