Kiran Suna a Gidan Katako

Tun da injin zarto ya ci ran wani lebura mai suna Martins a gidan yankan katako na Godogodo, kamfani ya ce dole kowa ya yi kwas na kiyaye haɗari. Cyprian Onyekwere aka turo daga Kafanchan ya koyar da su, kuma dokar da ya bari ba ta da wuya: kada a tayar da inji sai an kira sunan kowane ma'aikaci, ya amsa, an gan shi a tsaye.

Damina ta wuce, manajan gidan katakon ya sa aka sake turo shi ya gano ko kwas ɗin ya kama. Ya kuma ja shi gefe ya ce a duba masa Tagwai, shugaban leburori, don ana cewa kansa ya taɓu, yana ɓata lokacin aiki. In haka ne, a sallame shi. Tagwai ɗin nan kuwa shi ne ya tayar da injin ranar da Martins ke cikin ramin da ke ƙarƙashinsa yana kwashe garin katako. Cyprian bai so aikin nan ba ko kaɗan. Tagwai mai 'ya'ya a makarantar mishan, in an sallame shi ina za shi?

Da safe ya tsaya gefe da farin wandonsa, Tagwai ya fara kira.

"Kumai!"

"Ga ni!"

"Meshak!"

"Ga ni, Baba!"

Haka har kowa ya amsa, babu kuskure. Cyprian ya fara jin daɗi a ransa. Sai Tagwai ya ɗora hannu a kan makunnin inji, ya juya wajen ramin.

"Martins!"

Wurin ya yi tsit.

Kumai ya matso ya raɗa wa Cyprian, "Oga, kullum haka ne. Ba zai kunna ba sai wani ya sauka ya duba. Yau don kana nan ne muka ji tsoro, kada ka ce mun ƙara abin da ba ka koya mana ba."

"Martins!" Idon dattijon bai bar bakin ramin ba.

Haba, wa zai iya tsayawa yana kallon wannan? Cyprian ya naɗe ƙafar wando ya bi tsani ya sauka. Ramin da sanyi, ga warin ɗanyen katako, ga haƙoran zarto dab da kansa. Daga nan ƙasa ƙafafun mutane kawai ake gani. Da kiran ya sake saukowa, wallahi saura kaɗan ya amsa.

Ya ɗaga murya. "Babu kowa, Baba Tagwai. Ka tayar."

Tagwai ya janye hannunsa daga makunnin, ya ɓoye shi a bayansa.

"A'a, Oga. Fito tukuna in gan ka da idona."

Sai da Cyprian ya hau ya tsaya a gabansa, ya taɓa masa kafaɗa, sannan inji ya tashi.

Da yamma manaja ya tare shi a ƙofar ofis ya tambaye shi ko kwas ya kama.

"Ya kama."

"Tagwai fa? A sallame shi?"

"Ka bar shi a kan injin nan," in ji Cyprian. "Na shiga ramin yau. In zan sake shiga, hannunsa nake so a kan makunnin."