Suyar Inna Lami

Inna Lami tana cikin juya gyaɗa a kasko Ɗanbaba ya yi sallama daga zaure. Shi ne mai kai musu man gyaɗa kasuwar Daura. Saudatu ta fita, ta dawo da jarkar man a cike, fuska a murtuke. Wai masu saye sun ce man ƙauri yake yi, shi kuma ya ce in aka sake ba shi irinsa su nemi wani dillalin.

Su biyar ne a ƙungiyar, a gidan Saudatu da ke Zango suke aiki tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Kowa da nata: mai ɓara, mai kai niƙa, mai matsa, mai murza ƙuli-ƙuli. Suya kuwa ta Inna Lami ce, ita ta koya wa kowa sana'ar, kuma da kaskon nan take ci da kanta tun rasuwar mijinta.

Aka fara neman mai laifi. Wata ta ce injin niƙa ne, wata ta ce gyaɗar bana ce, har itace sai da aka zaga. Sumayya, wadda ta shigo cikinsu bara, ba ta iya wannan zagaye-zagayen ba.

"Inna, ki yi haƙuri, suyarki ce," in ji ta. "Gyaɗar tana ƙonewa ba kya gani."

Nan take aka yi wa Sumayya ca. Yarinyar jiya, ba ta san babba ba. Inna Lami ta juya ga kaskonta. Ta ɗebo gyaɗa a hannu, ta kai kusa da ido, duk dishi-dishi take gani. Ta daɗe da sanin yanar ido ta fara rufe mata gani, ta dai ɗauka hannunta ya san aikin ko ba ido.

Ta ja Saudatu ɗaki, ta haɗa ta da Allah ta faɗa mata gaskiya. Da ƙyar Saudatu ta amsa. Tun damina, in Inna ta tafi gida, sai su baje suyarta a tabarma su tsince ƙonanna. Wannan karon aiki ya yi yawa, ba su samu tsincewa ba.

"Kara muka yi miki, Yaya. Wa zai iya duban idonki?"

Wannan ta fi maganar Sumayya ciwo. Ashe duk yabon da ake mata, ana jira ne ta juya baya. Ta yafa mayafi ta tafi gida.

Ta yi Azahar, ta daɗe a kan sallaya tana kuka. Fushin ya sauka, saura kunya. Ta yanke shawara: ba za ta bar kasko ba, amma za ta roƙi Sumayya ta riƙa zama kusa da ita. Ita ta juya, yarinyar ta duba, in gyaɗar ta yi ta ce ta yi.

Bayan La'asar ta koma. Ta tarar an hura mata wuta, an ajiye mata kujera, ana ta yi mata sannu da zuwa. Ta tambayi ina Sumayya. Saudatu ta ce, cikin jin daɗin wadda ta yi abin kirki, sun sallame ta, ba za su zauna da mara kunya ba. Inna Lami ta ce a kira ta. Aka ce ai mijinta ya ji abin da ya faru, ya rantse ba za ta ƙara taka gidan ba.

Ta zauna, ta zuba gyaɗa, ta juya, ta juya. Hayaƙi ya cika mata ido. Can ta ɗebo kaɗan ta miƙa.

"Ta yi?"

"Ta yi, Inna," suka ce baki ɗaya, ba wadda ta ko matso.

Ta tsaya da gyaɗar a hannu, zafi yana cin tafinta. Ba ta san ko ta sauke ba, kuma babu sauran wanda za ta tambaya.