Damin da Na Hana Sila Kawowa

Ni da bakina na ba da gonar, shi ya sa duk wanda ya zo yi mini jaje nake ce masa ya bari kawai.

Gonar tana bayan Rikoto, a nan Zuru, inda a da ba ka jin komai sai kukan zabi. Babana ne ya ara wa baban Sila ita, lokacin da suka taso daga wajen Ribah ba su da ko inda za su soka fartanya. Aron gona a wurinmu sharaɗi biyu gare shi, kuma kowa ya san su. Duk kaka mai aro zai kawo dami ɗaya na dawa ƙofar mai gona, da rana tsaka, idon mutane na gani. Sannan ba zai dasa itace ba, don wanda ya dasa itace a ƙasa ya ce tasa ce.

Ni da Sila tare muka tashi. Tare muka yi golmo, noman da samari ke yi wa surukai kafin a ba su mata. Da na tafi aikin soja, shi ya riƙa goya tsohuwata a keke zuwa asibiti. Shekarar da na yi ritaya sai ga shi ya shigo gidana da dami a ka, da furfurarsa da komai, yana haki. Kunya ta rufe ni.

"Sila, tsakanina da kai har da dami?" na ce masa. "Kada ka sake kawowa."

Matata Rebecca ta leƙo daga madafa. "Baban Joyce, ka karɓa mana. Ai ba don yunwa ake karɓa ba."

Na ce ta koma wajen tukunyarta. Ranar ji nake babu mai kirki kamata a duk Zuru. Wautar ba ta tsaya nan ba. Da na ga matar Sila tana sayar da gyaɗa a bakin gonar rana na dukanta, ni da kaina na ɗauko dashen mangwaro biyar a bayan babur na kai masa.

Daga baya gari ya tashi. Mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro suka cika Zuru, kowa na neman ɗaki da wurin kasa kaya. Hanyar da ta bi ta gefen gonar ta samu kwalta. Kafin ka ankara ga masu walda, ga mai buga bulo, ga kemis, ga 'yan kabu-kabu sun yi tasha a inuwar mangwaron nan. 'Yata Joyce ta gama koyon ɗinki, kekenta na ajiye a ɗakin uwarta saboda rashin wuri. Na yi wa Joyce alkawarin wurin shago a bakin titin, na ce bayan girbi zan yi wa Sila magana ya matsa ciki kaɗan. Ko a raina ban kawo zai ƙi ba.

Wata safiya na bi ta wurin na tarar tifa na juye yashi. Direban ya ce wani ɗan kasuwa ne ya saya, jerin shaguna za a yi. Na tambaye shi a hannun wa. Ya ce a hannun mai gona, Baba Sila.

Ni da Sila muka je gaban mai unguwa Arzika, dattijon da ya san iyakar kowa tun kafin a haife mu.

"Abel, shekara nawa rabon da ak kawo maka dami?" mai unguwa ya tambaye ni.

"Sha huɗu."

"Mi ya hana?"

Sila ya riga ni. "Ranka ya daɗe, shi ya ce kada in sake kawowa. Matarsa ma tana wurin."

"Itacen ga hwa, wa ya ba ka izni?"

"Shi ya kawo mini su da hannunsa. Ni na ɗauka kyauta ce."

Na jira ya sunkuyar da kai. Bai sunkuyar ba, kallona yake kamar yadda ya saba. Abin da ya fi ci mini rai, ko kalma ɗaya bai yi ƙarya ba, alhali ni da shi mun san abin da nake nufi ranar da na sauke masa damin. Mai unguwa ya tambaye ni ko haka ne. Na ce haka ne.

Ya murza gemu. "Ni na san gonar ubanka ta. Amma kai ka sauke sharaɗi gaban shaida, ba shi ba. Ba ni da abin da zan kama."

Na fito ina neman takalmina a cikin na mutane, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Joyce. Sila ya zo ya sa nasa a hankali, ya gyara hula.

"To Abel, a gaida gida," ya ce, da muryar nan ta shekara sittin.

Kafin in tuna ko waye shi yanzu, bakina ya riga ya ce, "Za su ji."