Ciwon Manya

Tun da mijin Kubra ya samu kwangilar titin Gwaram, yayarta Sabuwa ba ta ƙara ganinta da taɓarya ba. Kullum Kubra tana kan katifa, ga shayi da madara, ga nama mai kitse, man shanu yana iyo a miya. Jiki ya buɗe har zane ba ya haɗuwa.

Sai ƙirji ya fara riƙe ta. Likita a Birnin Kudu ya ce ƙiba ce da yawan zama da gishiri, ga hawan jini, zuciya tana neman gazawa. Matan garinsu Fagam suka yi ta tururuwar dubiya, suna cewa ai ciwon manya ne.

Abin ya tsaya wa Sabuwa a rai. Ita ce babba, amma ko ciwon kirki sai ƙanwa ta riga ta? Ta ɗaura zanen sallah, ta hau mota har wurin likitan.

Ya gwada ta, ya ce, "Inna, me kike ci?"

"Tuwo da miyar kuka. Ni ke daka, ni ke jan ruwa."

"To ki gode Allah, zuciyarki kamar ta budurwa."

Sabuwa ta sake miƙa hannu. "Ɗan nan, gwada da kyau. Uwarmu ɗaya da ita fa!"