Hanyar da Karnuka Ke Yin Fure

Daren jiya, bayan na cika cikina da tuwon dawa na miƙe ƙafa, wani mafarki ya zo mini. Na gan ni da hantsi tsaye a bakin wata siririyar hanya, ni da karena Tauraro. Farkon damina ne, ana yayyafi, amma ruwan ƙasar daga ƙasa yake fitowa ya tafi sama, don haka tafin ƙafata ya jiƙe, hulata kuwa a bushe ƙamas. Ban yi mamaki ba. Na dai ɗaga ƙafa ɗaya na duba, na mayar.

Bari in faɗa muku waye Tauraro. Ja ne mai farin tabo a goshi, shekararsa shida a hannuna, tun yana kwikwiyo na tsinto shi a cikin kwalbati. Da shi nake gadin gonar kaji, da shi nake fita farauta idan rani ya yi. Duk unguwarmu an san Nomau ba ya ɗaure karensa. Fito ɗaya nake yi ya dawo, ko da nama a bakinsa. Ina taƙama da hakan, kuma ba na ɓoyewa. A ganina masu ɗaure kare mutane ne da tarbiyya ta gagare su.

Hanyar ba ta fi tabarma faɗi ba, ta ratsa tsakiyar wata fadama. Dama da hagu furanni ne har iya ganin ido: albasar kwaɗi fara mai jan zane, duman rafi, tafasa mai furen rawaya. Jama'a na ta bi, masu keke, mata da tuluna, da wani mutum da ke tura baro cike da inuwa zai kai kasuwa. A bakin hanyar wata zabuwa ce zaune a kan tebur da tabarau, an rataye igiyoyi a bayanta.

"Sannu da aiki," na ce mata.

"Yawwa. Karenka ne?"

"Nawa ne."

"Ɗauki igiya ɗaya."

"Ai ba ya cizo."

Ta cire tabarau ta goge da fiffike. "Bawan Allah, ban tambaye ka haƙoransa ba, ƙafafunsa nake kallo. Hanyar nan ta kowa ce, furen ma na kowa ne. Duk karen da ya sauka daga hanya sau uku, a nan yake tsirowa."

"Tsirowa kamar yaya?"

"Kamar yadda ake tsirowa."

Dariya na yi. A raina na ce, ina zabuwa ina koya wa mafarauci riƙon kare? Kakanninta nawa na ci da yaji? Na sa hannu a aljihu na wuce, Tauraro na gaba yana kaɗa jela.

Mun yi nisa. Iska ta kaɗa, sai na ji furannin suna haushi ƙasa-ƙasa, wasu da babbar murya, wasu da 'yar ƙarama. Na ce wannan al'adar garinsu ce. Can sai ga wani malam-buɗe-littafi mai girman faifai ya gitta, Tauraro ya daka tsalle ya bi shi cikin furannin. Na yi fito. Fiton ya fito daga bakina, ya faɗi ƙasa kamar ƙwallon goruba, ya gangara ya shige rami. Don kansa Tauraro ya dawo, bayan ya karya furanni huɗu. Jelarsa ta zama dogon ganye kore, yana kaɗa ta yadda ya saba. Na duba da kyau, na ce wallahi ta ma fi yi masa kyau.

Sai na gan mu kusa da wani tsoho tsugune a gefen hanya da buta. Yana zuba wa wata albasar kwaɗi ruwa daga ƙasa zuwa sama, ya ajiye mata ƙashi a gindi. Da ganin layun damtsensa na san mafarauci ne. Ya ce sunansa Ɗankaka.

"Baba, wa ake ba ƙashi?"

"Karena Guguwa," ya ce, ya shafa furen da bayan yatsa. Furen ya lanƙwaso ya lashe shi. "Kura uku ya kora a zamaninsa."

"To me ya same shi?"

"Ba ya cizo."

Na ce, "Da rani fa?"

"Da rani bushewa yake yi. Sai in zauna in jira ruwa." Ya kwance wata igiya daga ƙugunsa ya miƙo mini. "Tun ranar nake yawo da ita, ban san me zan ɗaure ba. Karɓi, ɗana."

Na so in karɓa, ba zan ɓoye muku ba. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma nawa ya zauna daram. Na ce, "Na gode, Baba. Naka daban, nawa daban. Mun ma kusa fita." Ya mayar da igiyarsa, ya ci gaba da ban ruwa.

Hanya ta ƙara tsukewa. Ga Malam Isiyaku, limamin unguwarmu, yana tahowa cikin farar babbar riga, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa zuwa sama. Masallacin na biye da shi a hankali, don a ƙasar liman ne ke gaba, masallaci ya same shi inda ya tsaya. Tauraro ya nufe shi da hanci.

"Subhanallahi! Kama shi, Nomau, kama shi! Da alwalata!"

"Gaisuwa ce, Malam, ba ya cizo."

Malam ya tattare riga ya ja da baya, ya sake ja, har ya faɗa cikin duman rafi. Tauraro ya bi shi ciki don ya ƙarasa gaisuwar. Furannin da suka taka suka yi kuka irin na kwikwiyon da aka take wa ƙafa. Malam ya fito da laka har gwiwa, ya dube ni.

"Ni ba cizonsa nake gudu ba, hancinsa nake gudu. Kai ka san shi, ni ban san shi ba. Kuma ni zan wanke rigar nan, ba kai ba."

Ya wuce, masallacin ya raɓa ta gefena bai ko kalle ni ba.

Da Tauraro ya dawo kan hanya, kunnuwansa biyu sun zama furen albasar kwaɗi, ƙudan zuma na kewaya su. Na kira sunansa. Bai juyo ba. Na tafa hannu a bayan kansa, ko gezau. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, don duk taƙamata a kan kunnen nan take, ga shi kunnen ya zama fure. Saura sau ɗaya. Na waiga in koma wurin tsoho in karɓi igiya, na tarar an naɗe hanyar bayanmu an jingine ta a jikin bishiya.

Gaba kawai ya rage. Can ƙarshen hanyar na hango wata ƙofa tsaye ita kaɗai ba bango, na san ita ce mafita. Kusa da ita, a ƙarƙashin wata tsamiya mai saiwa a sama, mutane ne zazzaune. Na matsa na gane su. Dangin matata ne kaf, maza da mata, a tsakiyarsu ga surukata Inna Tabawa tana tsintar wake a faifai. Shekara goma sha biyu da aurena, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa cire hula ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Na gyara wuyan 'yar sharata, na daidaita tafiya.

Sai ga zomo. Ya fito daga hagu da rediyo a kafaɗa, ya tsallaka hanya a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya shige dama.

Na ga kafaɗar Tauraro ta yi wannan rawar da na sani. Shekara shida ina jin daɗin ganinta a daji, yau ita ce ta tsinka mini zuciya. Na laluba aljihu: goro ɓari ɗaya da asuwaki. Na dubi ƙasa, ko zare babu. Sai hannuna ya faɗa kan zariyar wandona. Ban tsaya shawara ba. Na zare ta fit, na zarga masa a wuya, na riƙe bakinta da dama, hagu kuma ta damƙe wando.

Ya zabura. Kare ne da ke ka da gada, ni kuwa hannu ɗaya gare ni. Ya ja ni taku uku, ƙafafunsa na gaba suka sauka a kan ƙasar furanni. Ina kallo wasu fararen saiwoyi sirara suka fito daga faratansa suka fara nutsewa. Ya daina ja. Ya juyo ya dube ni da idon nan nasa, bai san abin da ke faruwa da shi ba, ni na sani. Na ja da iya ƙarfin hannuna na dama, ko motsi. Dangin matata duk sun bar hira sun zuba mini ido.

Inna Tabawa ta kawar da fuska gefe, ta sunkuya ta yi wa faifanta magana.

"Wake, ka gaya wa mai karen nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Na saki wandon.

Ya sulale har idon sawu. Na kama zariya da hannu biyu, na kafa dugadugai, na ja. Saiwoyin suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana cirar gyaɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, har muka zube tare a tsakiyar hanya, shi a kan ƙirjina. Ƙafafunsa ƙafafu ne, da laka a jiki. Na rungume shi na ji zuciyarsa na bugawa, na ji daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar da muka kama gwanki.

Na tashi. In na sunkuya ɗaukar wando sai na saki hannu ɗaya, ga zomon can ya zauna a cikin fure yana neman tasha. Saboda haka na bar wandon inda yake. Na naɗe zariya a hannuwana biyu har kan Tauraro ya dawo daidai gwiwata, muka kama hanya da ɗan gajeren taku, 'yar sharata na iya ƙoƙarinta. Wata mata da tulu ta taho, na ja shi gefe na tsaya ta wuce, ta ce an gode. Furen kunnensa na dama ya kakkaɓe ya faɗi, kunne ya leƙo daga ƙarƙashi.

Da muka zo daidai tsamiya na durƙusa yadda aka saba.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau," ta ce wa waken. "Ya iyali?"

"Suna gaishe ku."

"Madalla. A riƙe da kyau."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na miƙe na ɗaga kai, don karena na gefena yana numfashi. Saura taku bakwai mu kai ƙofar. Shida. Biyar.

Tatatatata! Injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na buɗe ido gari ya waye tangaran, yatsuna sun ƙage a kan gefen zanin gado, matata Hajara tsaye a kaina tana ja.

"Malam, saki mana, za ka yaga shi!"

Na ce mata ta dakata tukuna, ba mu ƙarasa fita ba.