Ledar Jamilu

Ni ban taɓa shiga aji ba. Waina nake soyawa a bakin titin asibitin koyarwa, kuma da wainar nan na yi wa autata Samira karatun nas har ta gama. Ranar da ta kawo takardar gamawa, mai jan hatimi a ƙasa, na rasa inda zan ajiye ta. Ɗakinmu na Unguwar Gano in damina ta sauka, katifa ma sai an ɗora ta kan bulo. Duk wanda na tambaya magana ɗaya yake yi: a kai a sa mata leda.

Na kai wa Jamilu, mai shagon hoton takardu a Gyaɗi-Gyaɗi. Na ce, "Ɗan nan, ba ta da illa dai ko?"

Ya ce, "Illa kuma, Hajiya? Lauyoyi ma nan suke kawo tasu."

Ya tura ta cikin inji, ta fito da ɗumi tana ƙyalli kamar sabon faranti.

Bana sai wani asibiti a ƙasar Larabawa ya ɗauki Samira aiki. Sharaɗinsu ɗaya: a buga wa takardunta hatimi a Abuja, ma'aikatar ilimi ta buga, ta harkokin waje ta buga, sannan ofishin jakadancin ƙasarsu ya buga na ƙarshe, kafin wata ya mutu. In ba haka ba, akwai masu jira a layi. Ta tafi, ni kuma na fara soya mata dambun nama na guzuri.

Da ta dawo ko hijabi ba ta cire ba ta zauna a bakin ƙofa.

Na ce, "Ke lafiya? Sun buga?"

"Inna, ma'aikatun sun buga a kan kwafi. Ofishin jakadanci suka ce sai ta asali. Na miƙa, mutumin ya ƙwanƙwasa ta da farce ya turo mini ta ƙarƙashin gilashi. Wai ba sa karɓar takarda mai leda."

"Saboda me? Ta yi musu tsabta da yawa?"

"Wai a bayanta ake buga hatimi, tawada ba ta zama a kan leda. Kuma ba za su iya taɓa ta su gane ta gaskiya ce ba."

Innalillahi. Ludayin da ke hannuna ban san sanda ya faɗi ba. Na ja mayafi, na ja yarinya, muka tari adaidaita sai Gyaɗi-Gyaɗi.

Jamilu yana cin gurasa muka shiga. Na dangwara masa takardar a kan tebur na ce, "Ga aikinka. An kore ta daga Abuja."

Ya saurari bayanin Samira, sai ya yi dariya. Dariya fa! Ya ce, "Haba Hajiya, wannan ne ya tayar miki da hankali? Ai cirewa ake yi. Jiya ma na cire wa wani likita."

Samira ta ce, "Malam Jamilu, ka tabbata? Ita ke nan gare ni."

"Sista, zauna ki sha kallo."

Ya aika maƙwabcinsa tela ya ara masa dutsen guga. Ya sa reza ya yanke gefe-gefe, ya shimfiɗa hankici a kai, ya goga, ya sa farce ya fara ɗagawa. Kusurwa ta tashi lafiya lau, har na ce Alhamdulillahi. Da ya iso tsakiya sai na ji wani ƙiii, siriri, kamar ana ɓare ɓawon rogo. Ya tsaya. Maimakon ya bari, sai ya ƙara zafi ya fizga.

Takardar ta rabu biyu, ba tsaye ba, a kwance. Fuskarta ta bi leda, aka bar wani farin abu mai gashi-gashi a kan tebur. Jan hatimin ya narke ya yi jirwaye. Ni ba na karatu, amma na ga baƙaƙen rubutu manne a ledar da ke hannunsa, sun tattare.

Na ce, "Samira, wannan baƙin da ya bi ledar, mene ne?"

Ta ce, "Sunana ne, Inna."

Telan ya lallaɓo ya zare dutsen gugarsa ya fice.

Jamilu ya share gumi ya ce, "Wallahi takardar ce ba ta da kauri."

Ban san ina da ƙarfi haka ba sai da na ji kwalar rigarsa a hannuna.

Washegari muka je makarantarsu. Suka ce takardar gamawa sau ɗaya ake bayarwa a duniya. Za su iya rubuta wasiƙar shaida, amma sai shugabanni sun zauna, kuma ba za su zauna a wannan watan ba. Daga nan na wuce gidan Mai Unguwa Zakariyya na kai ƙara. Aka kira Jamilu, ya zo da yayyensa, ya durƙusa kamar mutumin kirki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe. Ina da kwafinta a kwamfuta. Zan bugo sabuwa a takarda mai kauri, in sa jan hatimi, wallahi ko su da suka yi ta ba za su gane ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka? Ya cinye mata aiki, yanzu kuma gidan yari yake nema mata a ƙasar mutane!"

Mai Unguwa ya daka masa tsawa. Na gyara zama ina jiran hukunci. Sai ya juyo ya ce ƙaddara ce, yaro bai yi da gangan ba, a yi haƙuri. Sannan ya rage murya ya ce, "Samira, wai har ta digiri ba sa karɓa in da leda? Don takardun ɗana Sadiq duka na sa an yi musu."

Ta ce, "Ba sa karɓa, Baba."

Ya cire hula ya riƙe kai. Shari'ata ke nan ta tashi, mai yanke ta yana jajen kansa.

Wata ya mutu. Saƙo ya shigo wayar Samira, ta karanta, ta kifa wayar a kan tabarma. Sun ba wata aikin.

Tun ranar, da hantsi nake ɗaukar kujera in dasa a ƙofar shagon Jamilu, ɓangarorin takardar nan biyu a cinyata. Hanya ta gwamnati ce. Yau wata baiwar Allah ta sauka daga adaidaita da ambulan a ƙirji, ɗanta ya gama karatun haɗa magunguna. Na ce, "'Yar'uwa, zo ki gani tukuna." Ta duba, ta saurare ni, ta sake tare adaidaitar da ta kawo ta.

Jamilu ya leƙo ya ce, "Hajiya, don girman Allah, sai yaushe?"

Na ce, "Sai ranar da yarinyata ta hau jirgi. Matsa, kana tare mini mutane."