Ranar da Maccido Ya Ba Albasa Ruwa

Duk wanda ya tashi a Aliero ya san idan ganyen albasa ya kwanta, an gama ban-ruwa ke nan. Sai a bar ta ta tsane kafin a cire, in ba haka ba ta ruɓe a wurin ajiya. Mijina Maccido ne ya koya wa rabin unguwarmu wannan. Shi ne kuma ya tayar da inji ya malale fadamarsa da ruwa ana shirin cira, ya dawo gida yana jiran a yaba masa.

Tsoro na ji, ba mamaki ba. Tun bara yake neman hula tana kansa, ya je kasuwar Jega ya tsaya bai san abin da ya kai shi ba. Mun daɗe da sanin yana da ƙanjamau, yana shan magani da sunan na hawan jini ne, kuma ya sa na rantse yara ba za su ji ba. Likita ya ce ƙwayar cutar ta kwanta, amma jiki bai daina faɗa ba. Akwai kumburin da ido ba ya gani, shi da tsufa suke taɓa ƙwaƙwalwa. Ya ja mini kunne kada a kuskura a bar maganin.

Babban ɗanmu Imrana ya shigo, laka har gwiwa, yana huci.

"Inna, wanga ba tsuhwa ba na, jihwa anka yi mai. Gobe Karaye za ni kai shi, wurin mai magani."

Na san mutumin, can wajen Maiyama yake. Sharaɗinsa na farko a zubar da duk ƙwayar asibiti, wai ba ta shiri da tasa saiwar. Na wuni na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na ɗora tukunya babu komai a ciki. Haushin Maccido nake ji da rantsuwarsa, ga tausayinsa ya hana ni sakat.

Da safe mota ta zo. Maccido ya shige gaba ya gyara zama, shi a dole kasuwa za a tafi. Sai ga Imrana ya fito daga ɗakina da gwangwanin maganin, ya nufi bayan gida.

"Aje shi," na ce.

"Na hawan jini na, Inna. Mi yay yi mai dut shekarun ga?"

"Ba na hawan jini ba na."

Na faɗi sunan cutar. Imrana ya juya ya daɗe yana kallon ubansa, wanda ke ɗaga wa maƙwabta hannu ta tagar mota. Sannan ya dawo da idonsa kaina.

"Inna, ke hwa?"

"Riƙe shi da kyau," na ce. "Rabin abin da ke ciki nawa na."